Gwaggona, Mai Neman Yaran da Aka Ɓoye

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Gwaggona, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina firamare, ta rasu a gidanta na Kalgo da hantsi, bayan ta sha jinyar shanyewar ɓarin jiki. Kafin la'asar an kai ta makwancinta. Wannan kowa ya ji. Abin da na gani a zaman makoki shi ne ya hana ni yin shiru.

Washegari sai ga motoci. Manyan ofishin ilimi na Gwandu da na Kalgo, da tsofaffin hedimastoci, kowa ya sha babbar riga yana zuba ƙamshi. Aka ce in fito bakin zaure su yi mini gaisuwa, tunda ni ce ɗiyarta. Wani dattijo mai sanda, wanda shi ne shugaban kwamitin da ta yi aiki a ciki, ya girgiza kai ya ce, "Mun yi babban rashi. Hajiya mace ce mai kamar maza. Da za a samu irinta da yawa, da makarantunmu sun gyaru." Sauran suka amsa, "Ƙwarai kuwa." Ka ji fa! Guda ɗayar da Allah ya ba ku, yaya kuka yi da ita? Na haɗiye maganar, na ce na gode, na koma cikin gida raina a ɓace.

Gara mini tsohuwar maƙwabciyarmu, da ta miƙe ƙafa a tabarma ta ce, "Allah shi jiƙan Hajiya, amma fa ta iya ɓata wa mutum rai." Ita dai gaskiyarta ta faɗa. Gara mini matan ruga da suka taso tun daga wajen Maruda da ƙoren nono a ka. Ba su yi wani jawabi ba, suka samu gefe suka zauna suna share hawaye da bakin zane. Ɗaya daga cikinsu ta ce mini, "Ita ta gano ciwon idon ɗana tun idon bai mutu ba."

A waje kuwa, a kan babbar tabarma, mahaifina ne zaune yana karɓar gaisuwa. Ana riƙe hannunsa ana cewa, "Malam, ya haƙuri? Yayar ta tafi ta bar ka." Shi kuma yana amsawa da muryar mai rashi. Mutumin da rabonsa da yi mata magana tun ina ƙaramar yarinya, yau ga ni da 'ya'yana. Duk wanda ke wurin ya san da wannan gabar, kuma kowa ya yi kamar bai sani ba. Ni kaɗai na san ta bar masa saƙo kafin ta cika, ni kuma na san ba zan kai masa ba sai ya tambaya da bakinsa.

Gwaggo babbar nas ce. Ba ta da sauƙi, kada wani ya yi mata ƙarya don ta mutu. Doguwa ce, mai tafiya kamar an aike ta, ba ta san "sannu" ba sai in mutum ya faɗi ƙasa. In ta je suna, kafin ta yi barka sai ta buɗe cibiyar jariri ta duba, in ta ga an shafa toka ko man zafi ta wanke unguwarzoma tas a gaban jama'a. In aka ce mata, "Hajiya, a dinga sakaya magana," sai ta ce, "Ciwo ba shi jin habaici."

Da aka kafa kwamitin da zai zagaya makarantun Gwandu da Kalgo ya auna yadda ake kula da lafiyar yara, aka sa ta ciki, don ana buƙatar nas guda. Aikin a faɗe mai kyau ne. A ga ko akwai ruwan sha, a ga masai, a ga akwatin magani, a duba yaran kansu. Makarantar da aka samu da ciwo da yawa a turo mata ma'aikacin lafiya da magani, wadda ta fi kowa tsabta a ba ta garkuwar yabo. To, tun daga nan aka ɓata rawa da tsalle. Wane hedimasta ne zai zaɓi magani ya bar garkuwa? Garkuwa ana rataye ta a ofis, tana kawo ƙarin girma. Magani kuwa cikin ɗan talaka yake shiga, ba wanda zai gan shi.

Ita ta ba ni labarin yadda zagayen yake, tana yi tana tsaki. Ana aika sanarwa tun da wuri cewa ana tafe. A share fili, a yi wa duwatsu farin fenti, a wanke randa. Masai da aka kulle tun bara don kada yara su ɓata shi, a ranar za a buɗe a yayyafa masa ruwan ƙamshi. 'Yan kwamiti su sauka, a wuce da su ofis, a ajiye musu shinkafa da kifi. Wani ya ɗaga murfin akwatin magani da hagu, dama na cikin kwano, ya ga auduga da aidin, ya ce madalla. Sannan a leƙa aji. Yara sun sha wanka da man shafawa suna ƙyalli, ba mai tari, ba mai susa. Shugaba ya ce, "Kai, yaran garin nan Allah ya ba su lafiya." Su hau mota su yi gaba.

Gwaggo ta ce a makaranta ta farko abin ya ba ta mamaki, a ta biyu ya ba ta tsoro. Ita da ke ganin yaran ƙauyukan nan kullum a asibiti, da ƙazuwa, da makero, da jan ido, da tsargiya mai sa fitsarin jini, ina suka shiga? Bencin da aka saba cusa yara kamar kifi a kwando, yau kowa ya baje. Ba ta tambayi hedimasta ba. Ta kama wata 'yar aji ɗaya ta ce, "Ina wadda kuke zama tare?" Yarinya ta ce, "An ba su hutu, masu ƙuraje."

Ashe al'ada ce. Ana gobe za a zo, a asambuli, hedimasta zai ce duk mai ƙurji, duk mai ciwon ido, duk mai tari ko warin kunne, gobe ya huta a gida. Yara su yi ta murna. Kwamitin da aka kafa don marasa lafiya sai ya zo ya duba masu lafiya, ya yaba, ya tafi. Tir da wannan wayo.

Daga ranar ta canza salon aikinta. Mota na kusa da gari sai ta ce wa direba ya tsaya, tana da 'yar uwa a nan da za ta gaisar. Su wuce, ita ta bi ta bayan gari da ƙafa. Ta bi ta rijiya, ta bi ta fadama inda yara ke korar tsuntsu a shinkafa, ta leƙa ruga ta yi musu Fulatanci. Duk yaron da ta gani a lokacin karatu, tambayarta guda ce: "Wa ya ce kada ka tafi makaranta yau?" Ta tattaro su ta sa su gaba. Takan ce, "Ni ba waɗanda sunka zo nika dubawa ba. Waɗanda anka hana zuwa, su ne makarantar." Hedimastoci suka sa mata suna Annoba. Da labari ya kai kunnenta ta ce ba laifi, ai annoba ba a ɓoye mata.

A lokacin mahaifina ne hedimastan wata makaranta a wani ƙauye ta hanyar Dodoru, ni kuma ina aji uku a can. Kunnena na hagu ya daɗe yana ruwa. Tun damina ya fara da ciwo, ya koma zubar da mugunya mai wari, har yara suka daina zama kusa da ni. Inna, mahaifiyata, tana ɗiga mini man kaɗanya ta toshe da auduga. In ta yi wa Baba magana sai ya ce, "Ruwan kunne ne, wane yaro ne ba shi yi? Shina wucewa." Malamin makaranta ke nan, mai koyar da darasin kiwon lafiya.

A shekarar, Baba ya ƙwallafa rai a kan garkuwar nan. An yi masa alkawarin in ya same ta za a mai da shi ofis ya zama mai duba makarantu. Ana gobe kwamiti zai zo ya ba da hutun nan a asambuli, ina tsaye a layi ina ji. Da muka koma gida ya ce wa Inna, "Wagga ma ta zauna. Kuma ta shige ɗaka kada ta fito, Adda na cikin masu zuwa." Adda yake kiran Gwaggo. Ya san halin yayarsa sarai, shi ya sa ya haɗa da ɗaka.

Da hantsi ina zaune a ɗakin Inna na ba ƙofa baya, ina tsince shinkafa a faifai. Gwaggo ta yi sallama a tsakar gida, yaran da ta kwaso suna tsaye a waje. Inna ta rikice ta ce ai na tafi makaranta tun da safe. Gwaggo ta dubi takalmana a bakin ƙofa, ta ɗaga labule ta shigo. Duk wannan daga baya Inna ta faɗa mini, don ni ban ji komai ba. Ta tsaya ta haguna ta kira ni a hankali, ban waiga ba. Ta sake kira, ina ta tsintata. Sai ta zagayo ta dama ta ce, "Ɗiyata," na zabura faifan ya kife. Ta durƙusa ta kama haɓata, ta juya kaina, ta sansana kunnen. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta ce wa Inna, "Tun yaushe?" Inna ta ce tun damina. Gwaggo ta kama hannuna muka fita.

Har yau ina ganin tafiyar nan. Ni a gaba ba takalmi, bayana masu ƙazuwa da masu jan ido da wasu samari masu tsargiya da suka fito daga fadama da taɓo har gwiwa. Muka ratsa ta tsakanin fararen duwatsu, muka wuce yaran da aka jera suna waƙar maraba, waƙar ta mutu a bakinsu. Gwaggo ta tura ƙofar ofis. 'Yan kwamiti na tsakiyar cin kifi, Baba na tsaye yana zuba musu ruwa.

Ta ce, "Ranka shi daɗe, ga sauran makarantar na kawo."

Shugaba, wannan dai mai sandar da ya zo yana kiranta mace mai kamar maza, ya ce, "Haba Hajiya, a bari a gama cin abinci mana."

Ta zare audugar kunnena, ta ajiye ta a kan tebur kusa da kwanonsa. Warin ya cika ofis. Ta ce, "Ci gaba da ci. Wagga ɗiyar Hedimasta ce. Wanda ya ɓoye tasa, mi kake zaton ya yi da na mutane?"

Baba ya ce, "Adda, don girman Allah. Wannan maganar gida ce."

Ta ce, "Auta, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yau ranar wanka ce, kai ka aika mana mu zo."

A ranar, a motar kwamitin, ta ɗora ni a cinya ta tafi da ni Kalgo daga ni sai rigar jikina. Washegari ta kai ni babban asibiti a Birnin Kebbi. Likita ya duba ya ce dodon kunnen hagu ya riga ya cinye, ba abin da za a yi masa, na dama ma ya fara kamuwa. Da an bar shi zuwa kaka, da na rasa duka biyun. Gwaggo ta tsaya a kan na daman nan kamar mai gadin gona, har Allah ya tsirar da shi. Da shi na yi karatu, da shi nake jin kukan 'ya'yana.

Baba bai samu garkuwa ba. Aka sauke shi daga hedimasta, aka tura shi wata ƙaramar makaranta ya koma riƙe alli. Makarantar da ya bari kuwa aka turo mata ma'aikacin lafiya, aka raba maganin tsargiya, aka yi wa yara wankin ido. Wannan ba wanda ya tuna da shi a dangi. Abin da suka riƙe shi ne Gwaggo ta tona wa ɗan'uwanta asiri a gaban baƙi. Kawunnai suka yi ayari suka zo Kalgo, wai ta je ta ba shi haƙuri. Ina ɗaka ina jinsu da kunnen da ya rage. Babbansu ya ce, "Hajiya, ɗan'uwa rabin jiki ne. Hannunka ba shi ruɓewa ka yanke ka yar."

Ta ce, "Ba a yankewa, amma ana wankewa. Kuma in ɗan'uwa rabin jiki ne, ɗiya fa? Kun tambaye shi kunnenta?"

Suka ce ba wannan ya kawo su ba. Ta ce to su sha ruwa su kama hanya tun rana ba ta yi zafi ba.

Su ma 'yan kwamiti ba su yafe mata audugar nan ba. Ba su kore ta ba, ina suka ga wannan ƙarfin halin? Sai suka ce Hajiya ta manyanta, zirga-zirga na wahalar da ita, a bar ta ta huta. Suka ɗauko wata mai sanyin hali wadda ba ta da 'yar uwa a kowane gari. Zagaye ya koma yadda yake, kifi ya ci gaba da shiga. Gwaggo ta ce oho dai, hanya ba ta gidan uban kowa ba ce. Ko bayan ta yi ritaya takan hau ɗan acaɓa ta nufi wajen Diggi, ba takarda ba izini, ta zauna gindin itace kusa da makaranta da jakarta. Iyaye mata su yi ta kawo yara. Ta duba farce, ta ɗaga fatar ido, ta zagaya bayan yaro ta yi masa raɗa, "Kana son alewa?" In bai waigo ba, ta aika a kira ubansa.

Ba ta taɓa lallashina a kan kunnen ba. Ranar da na dawo ina kuka yara sun kira ni kurma, cewa ta yi, "Kin ji su ke nan, ashe ba kurma ba ce. Tashi ki wanke kwanoni." Amma duk tsawon zamanmu ba ta taɓa tafiya ta haguna ba. A kasuwa, a mota, a gidan biki, sai ta zagayo. Ta je makarantar da ta sa ni ta canza mini wurin zama da hannunta, malamin na kallo. Da mijina ya zo neman aure, abin da ta fara faɗa masa ke nan tun kafin ya gama gaisuwa: "Ta dama aka yi mata magana. In ka manta, kai ne ba ka yi magana ba, ba ita ce ba ta ji ba." Ko da ciwo ya karkatar da bakinta, muryarta ta koma ƙasa, in na zauna ba daidai ba sai ta ja gefen zanena da hannun da ke motsi har in juyo.

Baba kuwa ya riƙe gabarsa kamar gado. Ina zuwa gida hutu, yana amsa gaisuwata, yana tambayar karatu. Ya zo walimar saukata ya zauna a waje, ya zo ɗaurin aurena ya zauna a waje. Bai taɓa cewa yaya kunnen ba, ko sau ɗaya. Malamai sun yi masa wa'azin gaba har sun gaji. Shi a ganinsa shi aka zalunta, har gobe in an taɓo zancen sai ya ce da yanzu ya yi ritaya a babban ofis.

Da jikinta ya yi tsanani na kira shi a waya. Na ce, "Baba, Gwaggo fa ba lafiya sosai." Ya ce, "Allah shi sawwaƙe, ina nan tahe." Gwandu da Kalgo ba Makka ba ce, amma bai iso ba sai da aka ɗauko makara. Ita ta san ba zai zo ba. Wata safiya ina ba ta kunu ta ture cokalin, ta ja zanena, na kai mata kunne. Ta ce, "In Auta ya tambaya, ki ce haƙƙina na yafe mai, duniya da lahira. Amma na kunne ba nawa ba ne. Shi tambayi mai kunnen." Na ce in bai tambaya ba fa? Ta ce, "To ki bar shi da kayanshi."

Allah ya jiƙanki, Gwaggo. Allah ya yafe miki kaifin bakinki, ya auna miki idanu da kunnuwan 'ya'yan mutane da kika tsirar, ya sa kabarinki ya fi ɗakinki haske.

Ranar addu'ar uku, da jama'a suka ragu bayan azahar, Baba ya shigo cikin gida. Wannan ne karo na farko da ƙafarsa ta taka tsakar gidan yayarsa tun ranar audugar. Ya tsufa, ya rame, har na ji tausayinsa ya taso mini. Ina zaune a bakin ɗakinta, ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, ya sunkuyo yana magana ƙasa-ƙasa. Ina ganin gemunsa na motsi. Ta hagu ya zauna.

Na ce, "Baba, ta wannan gefen ba na ji."

Ya dubi kunnen, ya dubi ƙasa. Ashe duk shekarun nan bai ma san wanne ne ba. Ya ɗauki kujerar ya zagayo, ya ce, "Cewa na yi, ta bar wata magana a kaina?"

Na faɗa masa kamar yadda ta faɗa, ban rage ba ban ƙara ba. Da ya ji ta yafe ya sauke ajiyar zuciya ya ce alhamdulillahi. Da ya ji sauran ya yi shiru. Na zauna ina jira, na juya masa kunnen dama sosai don kada ko harafi ya wuce ni. Wallahi da ya ce "ki yafe mini," kafin ya rufe baki na yafe. Ya buɗe baki, ya gyara murya. Sai aka yi sallama a zaure, wasu masu gaisuwa daga ofis da suka makara. Ya miƙe da sauri, ya gyara hularsa, ya ce bari ya je kada a bar baƙi a tsaye.

An yi bakwai, an yi arba'in, kowa ya watse. Har yau ban ji ba, kuma wannan karon ba laifin kunnen ba ne.